Tarin Wudil da Lissafin da Na Yi a Kano

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, mu uku a sabuwar fijo ta ofishin lafiya: ni malamin lissafi, da wani malamin asibiti, da direba. Tari ne ya addabi ƙasar Wudil tun bayan girbi. Ma'aikacin jinya ɗaya tak za a tura da akwatin magani, shi ne aka ce in lissafa inda ciwon zai fi tsanani. Mako biyu na yi ina kasa mutane gida uku a takarda: masu lafiya, masu tari, da waɗanda suka warke. Lissafi ya nuna mini Lajawa, don 'yan kasuwar Juma'a ta Wudil suna kwasar ciwon su kai ƙauye.

Hanya cike take da manyan motocin siminti. Kuɗin mai ya shigo, kowa gini yake yi. A bakin gadar Wudil muka ci soyayyen kifi. Na ce ya yi tsada, mai kifin ta ce ma'aikata ne suka ɓata kasuwa, tana kallon takalmina.

A Lajawa mun tarar ana sussukar dawa. Mai gari ya tarbe mu da fura, ya sa aka kira masu tari. Ba su cika tabarma ɗaya ba. A garin Utai ma haka. Na sake bin takarduna layi-layi, ban ga kuskure ba.

Da la'asar muka biyo ta Sabon Garin Wudil don direba ya zuba wa mota ruwa. 'Yan kwangilar titi suna dafa kwalta a ganguna, motoci a tsaye injinansu na ruri, baƙin hayaƙi ya kwanta a kan gidaje. Kowane zaure ka wuce, tari kake ji. Wata dattijuwa mai ƙosai tana goye da jikarta, numfashin yarinyar yana fito. Na gaishe ta, na ce, "Inna, yaushe ya kama ta?"

Ta ce, "Tun da aka kafa gangunan nan, ɗan nan. In na kai ta ƙauye wajen uwarta sai ya lafa. Mu dawo, ya dawo."

Malamin asibiti ya daɗe yana sauraron ƙirjin yarinyar, sannan ya ɗago ya dube ni. Lissafina ya san mutum yana shafa wa mutum. Bai san hayaƙi yana raunana ƙirji har ciwo ya samu wurin zama ba.

Bayan magariba muka iso Kano. Washegari na sa hayaƙi cikin lissafin, amsa ta tashi daga Lajawa ta koma Sabon Gari. Na rubuta wa ofis cewa na janye takardata ta farko, na kuma roƙi a matsar da gangunan bayan gari. An tura ma'aikacin jinyar Sabon Gari. Gangunan suna nan inda suke.

Abin da na koya shi ne, lissafi ba ya yin ƙarya, amma abin da ka gaya masa kaɗai ya sani. Da na zauna a ofis, da na aika magani inda ake shan fura lafiya ƙalau, da sa hannuna a ƙasan takardar.