Jirgin da Yaya Ya Ƙera da Injin Ban Ruwa

Ni ne mutum na farko a Dutse da jirgin ruwa ya ja yana tsaye a kan katako. To, tsayen da sauƙi, don yawancin tafiyar a kwance na yi ta. Amma dai ban ga wanda ya riga ni ba, ban kuma ji an yi wani a bayana ba.

Daga gidan bidiyo abin ya taso. Lokacin na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ko in ce makarantar ta bar ni, ina zaune wajen yayana a Limawa. Shi Yaya tun da aka ba mu jiha ya baro ƙauyenmu na wajen Miga ya zo birni gyaran injin ban ruwa da janareta. Gwani ne, aikin ne babu. Wata ranar Juma'a da la'asar na ja shi kallo, sai aka nuno wasu Turawa a cikin farin jirgi a kan wani tafki. Uban yana tuƙi, uwar ta miƙe ƙafa tana shan lemo, yara sun sha rigunan ruwa. A baya kuma wani saurayi ya riƙe igiya, yana tsaye a kan allo, yana tsalle yana juyi a sama kamar wanda ba shi da iyaye.

Kowa saurayin yake kallo. Yaya kuwa gindin jirgin ya ƙura wa ido.

Ya zungure ni ya ce, "Kai, ka ga ba shi da fanka?"

Na ce, "Yaya, a cikin ruwa wa yake jin zafi?"

"Rufe min baki. Ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya. Wallahi injin ban ruwa ne, kwalliya kawai suka yi masa."

Daga ranar Yaya bai sake zama lafiya ba. Akwai wani ƙaton kududdufi a bayan unguwarmu, inda masu aikin titi suka ɗebi jar ƙasa suka tafi suka bar rami. Da damina yakan cika ya batse har ka kasa gane wanda ke tsaye a ɗaya gaɓar. Nan Yaya ya ga tafkin Turawansa. Ya ce ma'aikata sun cika gari, ga albashi ga iyali, ba su da wurin zuwa in ba hawan duwatsu ba. Mutum zai ɗauko matarsa da 'ya'yansa a zaga da su, su sha iska, samari kuma a ja su a kan allo.

Ya yi ta tara gangunan mai yana yankawa, mai walda na haɗawa, muna liƙe ramuka da kwalta. Ya sa benci biyu, ya yi rumfa da buhunan taki don mata. Rigunan ruwa kuwa jarkoki ne na man gyaɗa, a ɗaura maka ɗaya a ƙirji ɗaya a baya. Allon da za a ja ni a kai, ƙyauren ɗakin awakin matarsa muka cire. Ta fito ta tarar awaki na yawo a tsakar gida, ta dube ni ta ce, "Kai da ba ka iya wanka da bokiti ba, kai ne za ka yi rawa a kan ruwa?"

Na ce, "Uwargida, ki tanadi mayafin fita. Gaban jirgi naki ne."

"Allah ya tsare ni. In zan mutu, a kan tabarmata zan mutu."

Saura inji. Inji mai ƙarfi guda ɗaya muka sani, na Baba, wanda yake noman rani da shi a fadama. Muka tafi ƙauye, muka durƙusa muka gaishe shi, Yaya ya yi bayani har da zane a ƙasa. Baba ya saurara yana jan carbi.

Ya ce, "To, ina za ka riƙa kai mutanen?"

"Zagayawa za a yi da su, Baba."

"Su sauka a ina?"

"Inda suka hau."

Baba ya ce, "Mutum ya biya a kai shi inda yake?" Ya dube ni, ko ni zan fi yayana hankali, na sunkuyar da kai. Ƙarshe dai ya yarda, amma da sharaɗi. Da damina ba ya buƙatar injin, mu ɗauka. In mutane sun karɓi abin, Yaya ya yi zamansa a birni. In ba su karɓa ba, inji ya dawo gida tare da Yaya, don ƙarfin Baba ya fara ƙarewa, gona kuma ba ta jira. Yaya ya ce ya ji ya yarda. Ni dai na san ya fi son a yanke masa yatsa da ya koma riƙe fartanya.

Da kududdufi ya cika muka tura jirgi ciki. Abin mamaki, bai nutse ba. Yaya ya ja igiyar inji, tiyo ya zuƙi ruwa, ɗaya tiyon ya feso ta baya, jirgi ya motsa. Wallahi ya motsa. In ya karkata tiyon hagu da sanda, jirgi ya yi dama. Yaya yana dariya yana kabbara. Gudun ne dai, da tsohuwa za ta bi ta gaɓa tana tallan daddawa, za ta riga mu.

Aka zo kaina. Na tsaya a kan ƙyaure, jarkoki a jiki, igiya a hannu. Yaya ya ce, "Ka shirya?" Na ce, "Tun a cikin uwata." Ya ba shi wuta. Ashe allon nan gudu ne yake ɗaga shi, mu kuwa gudun ne ba mu da shi. Ƙyaure ya yi ƙasa da ni a hankali cikin mutunci, har ruwa ya zo min wuya. Na ƙi sakin igiya don yaran unguwa na kallo, aka yi ta jana a kwance kamar mushen tunkiya, ina shan ruwan da jakuna suka gama da shi. Da na fito na ce musu haka Turawan ma suke farawa, ba a nunawa ne kawai.

Muka zauna jiran masu hawa. Babu. Da damina kowa yana gona, har ma'aikatan ma ranar da ba ofis ƙauye suke tafiya noma. Abinci ya yi ƙasa a rumbu, ba mai kuɗin shan iska. Ga iyaye mata, ba abin da suka tsana irin kududdufi da damina. Kowace uwa tana da labarin yaron da ruwan nan ya ci, ga tsargiya, ga maganar masu abu a ciki. Yaron da aka gani kusa da mu sai ya sha bulala.

Shekarar ce aka fara shari'a. Aka rufe gidan bidiyon, mutane suka ce mu ma namu ya ƙare. Malamin unguwa, wanda na gudu daga makarantarsa ban sauke ba, ya zo da kansa ya zaga jirgin yana ƙwanƙwasa shi da sanda. Ya ce ba laifi, in dai mutum da iyalinsa ne kawai a ciki, ba a cakuɗa baƙi, ba kiɗa. Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, ai dama don iyali na yi shi." Malam ya nuna ni da sanda ya ce, "Wannan kuma ya sa riga." Shi ke nan abin da shari'a ta ce da mu.

Yaya ya ce matsalar lokaci ce. Mutanenmu ba sa fita yawo da iyali sai da Sallah, a bari Sallah ta zo. Ya koma ya roƙi Baba ya bar masa injin har ƙaramar Sallah. Baba ya bari, alhali makwabtansa a fadama sun fara dashen tumatir, shi nasa filin yana zaune.

Abin da ba mu sa a lissafi ba, shi ruwa ba ya jiran Sallah. Ana ɗauke damina ya fara ja da baya. Masu yin bulo suka zo da jarkoki, masu shanu suka zo, masu wankin mota suka zo. Kullum da safe Yaya sai ya je ya caka kara a bakin ruwa, washegari ya tarar da karan a kan busasshiyar ƙasa. Azumi ya kama cikin sanyi. Kafin a ga watan Sallah, tafkinmu ya koma kamar faranti, gefe duk taɓo, tsakiya iya cinya.

Ranar yawon Sallah kuwa mutane suka zo. Wannan ne abin da ya fi ciwo, da gaske suka zo. Har daga Yalwawa, yara da sababbin kaya, mata da lalle. Muka shimfiɗa katakai a kan taɓo zuwa bakin jirgi. Wani ma'aikacin sakatariya mai farar shadda ya ce shi ne farko. Ya shiga da matarsa da 'ya'yansa mata ƙanana biyu, suka ƙi ɗaura jarka don kada kaya su yamutse. Ni ina baya a kan ƙyaure, da riga.

Mutumin ya ce, "Direba, lafiya dai ko?"

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, kamar kana kan gado."

Muka tashi lafiya, mutane na tafi. Da nauyin mutane jirgin ya zauna sosai, bakin tiyo ya kusa taɓa ƙasa. Muna kaiwa tsakiya inji ya canza murya. Maimakon ruwa sai ya fara zuƙo abin da ke kwance a ƙasan kududdufi tun zamanin masu titi: baƙin taɓo, leda, tsumma, har da kwaɗo. Duk ya feso min a fuska. Ya yi tari, ya yi shiru. Jirgi ya zauna daram a kan laka.

Yaya ya ja igiya, ya ja, ya ja, har tafin hannunsa ya fashe. Ya shiga ruwa ya tura, na tura, ko motsi. 'Yan matan suka fara kuka. Daga gaɓa wani ya ɗaga murya, "Direba, a sauke mu a tasha!" aka kwashe da dariya. Ƙarshe mai shadda ya naɗe wando ya goya 'yarsa ɗaya, Yaya ya ɗauki ɗayar. Matar ba mai taɓa ta sai mijinta, shi kuma hannunsa a cike, haka ta tako cikin taɓo da atamfar Sallah, takalminta ɗaya ya zauna a can. Mutumin bai zage mu ba. Da ya zage mu ma da ya fi. Ya dubi Yaya kawai ya ce, "Allah ya ba ka sana'a."

Ni na yi ƙoƙarin gyara zance, na ce wa jama'a wanka kyauta ne cikin kuɗin tikiti. Ba wanda ya yi dariya sai yara.

Bayan kwana biyu Yaya ya je wajen Malam, na bi shi. Ya tambaye shi yaushe Sallah za ta faɗo cikin damina. Malam ya ce kowace shekara tana matsowa da 'yan kwanaki, daga sanyi za ta gangaro kaka, sannan ta shiga ruwa. Ya ɗan lissafa a yatsu ya ce, "In da rai, ɗan da matarka ke goyo zai isa aike kasuwa." Yaya ya yi godiya, muka taso.

Bai jira Baba ya aiko ba. Ya kwance injin ya wanke shi tas, ya fitar da ledar da ta shaƙe shi, ya haɗa kayan ɗakinsu a akori-kura. Matarsa ta zauna a gaba da goyo. Na ce, "Uwargida, kin ga dai gaban motar ma naki ne." Ta ce, "Ka ci abinci dai, ka ji? Kada ka zauna da yunwa." Ban so ta yi min magana mai daɗi ba ranar. Lokacin dashe ya riga ya wuce, Baba bai yi tumatir ba shekarar, bai kuma taɓa ambata ba.

Ni na zauna a gari na kama acaɓa. Jirgin kuwa, wani mai kiwo ya janye shi ya mai da shi kwamin ragunan layya. Kududdufin kuma aka bi shi da shara da ƙasa, aka yanka filaye.

Shekarar da Sallah ta faɗo cikin ruwa na je gida. Na tarar da Yaya a gona bayan an sauko idi, ko kayan Sallar bai tsaya sawa ba, ciyawa ta ci ƙarfin gero. Ya rame, gemunsa ya fara fari. Na tsaya a kan kunya na ce, "Direba, ga Sallah ga ruwa. A tayar da inji?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Akwai sauran ramin ne?"

Na ce, "An yi gidaje. Har da mai bene."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da noma. Can ya ce, "In ba sauri kake ba, akwai fartanya a gindin kukar can."