Na Je Taya Baba Girbi

Muna idar da sallar asuba muka bar Takur, inda nake zaune ina karatu, ni da wani ɗan ajinmu da zai sauka a hanya. Kuɗin mota ya sake tashi. Da muka yi ƙorafi, direba ya ce mu kai ƙara gidan mai. Aka cusa mu har da wata akuya da ta yi ta tauna igiyar jakata.

Ƙauyenmu na nufa, can bayan Ringim. Tun da yayana ya tafi Legas, Baba shi kaɗai yake noma, ga girbin gero ya zo. Na ƙudura zan roƙe shi in ajiye karatu zango ɗaya in taya shi.

Daga Kiyawa gonaki suka buɗe, dammunan gero jingine ko'ina. A Gujungu na sha koko da ƙosai. Kokon ya yi tsami daidai, amma bai kai na Inna ba, sai kewar gida ta ƙara kama ni.

A gona na tarar da Baba da azahar. Ya rame. Yana ɗaure dami, sai da ya zauna a kan kunya kafin ya amsa sallamata.

"Sannu da aiki, Baba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, malam ɗan boko."

Akwai wata kalmar Turanci da muka yi a aji, exhaust. Malaminmu ya ce ba gajiyar da barci ke warkarwa ba ce. Ana faɗarta idan aiki ko tafiya ko ciwo ya tatse mutum ƙaf, kamar rijiyar da aka ja har guga ya fara fito da laka. Na ci makinta a jarrabawa, amma sai ranar na gan ta da idona. Mu kuwa a wurinmu ba a amsa gajiya, ko mutum zai faɗi.

Na daure na faɗi abin da ya kawo ni, kaina a ƙasa.

"Ni na ce maka na gaji?" in ji Baba. "Geron nan don wa nake girbe shi? In ka dawo ka zauna, a banza na sha ranar nan."

Da yamma Inna ta ja ni gefe. "Kar ka sake tayar da maganar. Karatun naka ne ke fitar da shi gona kullum."

Na yi hutun ƙarshen mako ina ɗaukar dami har tafukana suka yi kanta. Ranar komawa Baba ya raka ni bakin titi, bai yarda na riƙe jakata ba.

Na iso Takur da la'asar. Tafiyar ta koya min cewa taimakon da Baba zai karɓa daga wurina ɗaya ne, in zauna a nan in gama. Ga ni na zauna. Littafi a buɗe yake, amma tun ɗazu shafi ɗaya nake kallo.