Tambara da Bijimin Ɗanjimma

Da asubar Lahadi Tambara tana kan rufin shagonta a Filinge, tana kankare kashin tsuntsaye daga farantin sola.

Ɗiyar mai haƙar rijiya ce daga Kurfai. Ta gama makarantar lise, ta je Yamai ta koyi rubuta manhaja, ta dawo jinyar uwarta, ba ta koma ba. Ba ta da yawan magana. Abin da ta gina shi ne wani shafi na intanet: wanda dabbarsa ta ɓata ya turo hoto ko murya, ordinater ɗinta, wato kwamfuta, ta watsa wa dillalan kasuwanni. Ta tsara manhajar yadda ba ta tsayawa jiran kowa. In rezon wayar wani ya yi rauni, sai ta sallami wasu sannan ta waiwaye shi, kamar mace mai tukwane da yawa a kan wuta.

Tana saukowa ta tarar da taubashinta Ɗanjimma, ko hula babu. An kwance masa bijimin noma, shi kaɗai gare shi, ga damina ta kawo kai. Ranar kasuwar Baleyara ce, kuma da hantsi manyan motoci ke fara lodin dabbobi a can.

"Ke baiwata, yau za a ga ko akwatin nan naki na aiki ko ado ne."

"Kawo hoton, sarkin barci."

Ta tura. Hoton ya shiga, bai fita ba. Ta duba, ashe ba shi kaɗai ba ne, duk saƙonnin safiyar sun yi cirko-cirko.

Ta bi layin manhajar da yatsa har ta kai wurin. Saƙon murya ne ya tare hanya. Wannan sashen kaɗai ta rubuta shi ya jira sai mai magana ya dire, don a gidansu ba a katse babba. Ga Baba Maidoki, wani dattijo a Sanam, yana turo cigiyar akuya ta rezo mai ɗigowa kamar tulu ya tsage, kuma ya fara da gaisuwa: gida, iyali, gajiya, dabbobi. Komai ya tsaya yana jiransa.

"Mi ya hwaru?" in ji Ɗanjimma.

"Baba Maidoki na gaisuwa."

"Gaisuwa? Katse shi!"

"In na katse, saƙonsa ya ɓace. Shi ma dabba ya rasa."

"Akuya ce! Ni bijimi!"

Ta sunkuya kan manhajar. Rana ta hau katanga. Ɗanjimma yana kai da kawowa, yana sheƙar numfashi a bayan wuyanta. Ta zare sashen muryar, ta ba shi tasa hanya daban, ya ci gaba da jiran dattijon shi kaɗai. Gwajin farko ya ƙi. Ta share gumi da haɓar zane, ta gyara, ta sake.

Saƙonni suka ɓalle kamar an buɗe garke.

Can wayarta ta yi ƙara. Wani dillali ne, Ibrah, yana ihu cikin hayaniyar kasuwar Baleyara: akwai jan bijimi mai tsagar kunne, an sa masa igiya ana jansa zuwa mota. Zai riƙe shi, amma ba zai iya riƙewa da daɗewa ba sai mai shi ya zo.

Ɗanjimma ya dubi hanya. Motar Yamai, mai bi ta Baleyara, ta riga ta wuce.

Tambara ta ciro makullin babur ɗinta ta cilla masa. Ta kira Ibrah ta ce kada ya kashe waya, ta miƙa hannu ta tura wayar cikin aljihun Ɗanjimma.