Zakaran da Inna Mariyama Ta Bari a Ɗaure

Ina tsakiyar tankaɗe a gidana na Tanut, Yaya Isufu ya kira ni daga Gangara ya ce, "Rabi, sai haƙuri, Inna ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Mariyama mahaifiyarsa ce, ni kuma yayar mahaifiyata ce. Ita ta goye ni, kuma a bayan rumbunta na koyi kiwon kaji.

Inna ba ta da faɗa, sai in an taɓa mata kaza. Da sanyin da ya wuce ciwo ya share mata akurki, ya bar 'yan matan kaji kaɗan da wani ɗan jan zakara wanda ko cara bai gama iyawa ba. Amma rawar kai, sai wanda ya gani! Da an watsa hatsi sai ya bi su yana cafkar ƙeya, ya hana su ci, har bayan ɗaya ya tsige. Na ce, "Inna, ki yanka ja'irin nan ki huta." Ta harare ni ta ce, "Ba mugu ba ne, Rabi. Ya riga su girma ne."

Sai ta yagi bakin tsohon zanenta, don ta ce igiya tana cin ƙafa, ta ɗaure shi a gindin rumbu inda yake ganinsu amma ba ya kai musu. Kullum sai 'yan matan sun ƙoshi, sannan ta tsuguna ta ba shi gero a tafin hannu, tana lallashinsa kamar jika: "Yi haƙuri, ango, ranar da suka fara ƙwai zan kwance ka." Da shi take sa ran gidanta ya sake cika da 'yan tsaki.

Ranar sadakar uku ina can Gangara, baƙi suka cika gida, wasu daga Tarka, wasu daga Falanko. Aka ce a kama abin miya. Yaya Isufu ya miƙa hannu ga wanda yake ɗaure, tunda shi ba sai an yi tsere ba. Ina hango wuƙa na dire tulun da ke kaina.

"Yaya, don Allah kada ka yanka shi."

"Haba Rabi, zakara ne fa."

"Inna ta yi masa alkawari."

Ya dube ni, ya dubi tsumman da ke ƙafar zakaran, ya gane zanen mahaifiyarsa. Ya juya fuska ga bango, ya ajiye wuƙar. Ranar, baƙi da miya lami suka ci tuwo, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Shekaranjiya matarsa ta tsinci ƙwan farko a ƙarƙashin rumbu. Yaya Isufu da kansa ya tsuguna ya warware ƙullin da Inna ta yi da hannunta. Ya kira ni a waya ya gaya mini, wallahi sai da na yi kuka.

Allah ya jiƙan Inna Mariyama, ya tausaya mata fiye da yadda ta tausaya wa abin da ba ya magana, ya haskaka kabarinta. Allah ya ba Yaya Isufu da iyalinsa da mu duka haƙurin rashinta, ya sa albarka a abin da ta bari. Amin.