Kawu da Titin da Ya Yi Shiru

Da aka sa wa motoci kuɗin shiga tsakiyar garinmu, ban ga aibinsa ba. A inda na yi karatu na ga an yi haka, cunkoso ya ragu. Shakkata ɗaya ce: garinmu ƙarami ne, babban titinsa guda, kuma ban san su wa ke rayuwa a jikin cunkoson nan ba. Ashe har da Kawu, yayan mahaifiyata.

Kawu makaho ne, sana'arsa saƙar kujeru da igiyar roba. Gidansa na wannan gefen titi, shagonsa na wancan. Matarsa ce ke tsallakar da shi. Ba ta riƙe masa sanda, gefensa take tafiya, in mota ta taso ta ce, "Tsaya." Da ta rasu, sai cunkoso ya gaje ta. Motoci na tsaye cik, yana dafa su ɗaya bayan ɗaya, yana jin ɗumin inji a tafin hannunsa, har ya kai.

"Malam, ka bar min shatin yatsu a mota!" in ji direbobi.

"Ka wanke ta mana, ƙazami," in ji Kawu.

Yanzu titi fayau. Motocin da suka biya ba su da yawa, kuma gudu suke yi. Babu abin dafawa.

Na same shi da hantsi a bakin titi, yana miƙa hannu cikin iska. Mai faci, maƙwabcin shagonsa, yana ƙwala masa kira daga can: "Tsoho, jira ni! In an take ka, wa zai gyara min kujera?"

Na kama hannunsa muka tsallaka. A shago ya zauna, ya ja igiya, amma bai fara saƙa ba. Mai faci ya ja ni gefe, ya ce sau biyu ke nan Kawu na sauka kan kwalta shi kaɗai, mota na tafe. Ranar nan da ƙyar wani direba ya taka birki.

Na koma na zauna kusa da shi.

"'Yar nan," ya ce, "da can hayaniya ta cika min kunne. Yanzu da aka yi shiru, ina jin takun silifas ɗin matata a gefena. Na hagun yana ɗan ja, kamar kullum."

Na dubi ƙofar shagon. Babu kowa, sai wata kujera marar mazauni.

Na ce, "Kawu, to in tana nan, ba ta ce maka ka tsaya?"

Ya daɗe yana murza igiyar a yatsunsa.

"Da can haka take cewa," ya ce. "Yanzu 'taho' take ce min."