Shebur mai dogon baki

Ƙarar ƙarfe na ji ɗazu, sai na tuna kakana a kasuwar Katako, shekarar da kogi ya yi ambaliya. Ruwa ya doshi gidanmu na Kirkissoye, maƙwabta suna kwashe kaya, shi kuwa yana ƙwanƙwasa shebur ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka, ruwa fa ba ya jira!"

"Haƙuri, amarya. Gajere saiwa yake yankewa. Dogo nake so, ya ɗago lemun tsakar gida da ƙasarsa."

Ruwa na lasar ƙafafunmu muka ciro ɗan itacen, ƙasar ba ta zube ba. Allah ya sanyaya makwancin Kaka. Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini, a gindin lemun nan aka binne cibiyata.