Takardun Baba a Jirgin Charlotte

Unguwar Glenwood, shida saura kwata

Bayan sallar asuba muka fito, ni da Mama, kwana tara da fitarta takaba. Duk wasiƙun da suka zo a watannin nan a kwando ta tara su, domin Baba ne mai buɗe wasiƙa a gidanmu. Da na zauna dubawa na tarar da ta bankin da ya ba shi bashin sayen gida. Ashe shekara da shekaru ana cire masa kuɗin wata inshora, wai za ta biya bashin in ya kwanta ciwo, alhali ba ta shafi mai aikin kansa ba, shi kuwa tasi yake ja. Za a maido kuɗin in mun kai takardu ofishinsu na birnin Charlotte kafin Juma'a. Mu kuma wata uku ba mu biya kuɗin gida ba, har an aiko gargaɗi.

Mu biyu kaɗai ne a bas. Direbar ta yi hamma ta ce mana barka da asuba. Mama ta taɓo ni, na amsa mana.

Cikin jirgin ƙasa

Bakwai da 'yan mintoci muka tashi. Mama ta rungume jakar takardun har garin High Point. Can ta miƙo min ƙosai a leda, ya riga ya huce. Na yi ta kallon bayan gidajen mutane, wani ya bar keke a jingine, wani fitilarsa na ci da rana. Wannan ce tafiyarmu ta farko da ba Baba ke tuƙi ba.

Charlotte, ƙarfe goma

Ofishin a hawa na huɗu yake. Ma'aikaciyar ta duba lasisin tasin Baba da shaidar rasuwarsa, ta ce komai ya cika. Sannan ta juyo min da takarda mai layi biyu: abin da ya biya, da kuɗin ruwan da ya hau kai. Layin farko da ƙyar zai rufe wata ukun. Na biyu zai kai mu har bazara.

"Me ta ce, Hafsa?"

Mama ba ta jin Turanci. Ni ce bakin Mama a nan, in na haɗiye kalma ba mai sani.

"Na ƙasan kuɗin ruwa ne, Mama."

"To ki ce ta cire. Guminsa muka zo karɓa."

Matar ta ɗaga gira, ta ce ba a rabawa, cek ɗaya ne.

"Ikon Allah! Yau ga banki na roƙon mutum ya karɓi kuɗi," in ji Mama. "Ta kawo. Akwai mabuƙata, amma ba zai shiga tukunyata ba."

Ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi.

Komawa

Biyar da rabi muka iso gida. Ba wanda ya ce mana ya hanya, na cire wa Mama takalmi na ɗora ruwan shayi. Gidan namu ne har ƙarshen wata, na gaba kuma sai yadda ta yiwu. Mun gode wa Allah da Ya kai mu, Ya dawo da mu.